FILIN ADDININ MUSULUNCI: Jikinka Amana Ne, Ya Kai Saurayi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, gargaɗinmu na wannan mako yana kan samari da 'yammata na Kebbe da Tambuwal da kewaye, waɗanda suke zaton ciwon zuciya sai tsofaffi.

Likitoci sun bayyana cewa akwai wani maiƙo a cikin jini wanda ake kira kolestarol. Hanta ce take yin mafi yawansa, jiki kuwa yana bukatarsa. Amma iri biyu ne. Ɗaya, in ya yi yawa, sai ya liƙe a jijiyoyin jini har hanya ta ƙuntata. Ɗayan kuwa shi ne yake kwashe rarar ya mai da ita hanta. Liƙewar nan takan fara tun ana ƙuruciya, ba ciwo ba zazzaɓi, sai bayan shekaru ta ɓullo da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa irin waɗannan cututtuka sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019.

To, me Shari'a ta ce? Allah bai haramta tsire ko man shanu ba. Abin da Ya hana, a aya ta 31 ta Suratul A'arafi, shi ne wuce iyaka wajen ci da sha. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hore mu da kasa ciki uku: abinci, ruwa, da numfashi. Buhari kuma ya ruwaito yadda ya tunatar da Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da hakki a kansa.

Saboda haka, yara, ku rage kitse da yawan soye-soye, musamman abin da aka soya da man da aka yi ta maimaitawa. Ku riƙi gero, dawa, wake, kifi, zogale da rama, waɗanda Allah Ya hore mana a ƙasarmu. Ku motsa jiki kamar awa guda kullum, ko a gona ko a filin wasa, ku nisanci taba.

Ku kuma iyaye, tukunya a hannunku take, kuma za a tambaye ku a kan abin da aka ba ku kiwo. In akwai gadon ciwon zuciya a gidanku, ku kai yaro asibiti a auna jininsa. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Allah Ya ba mu lafiyar bauta masa. Amin.