Makullin Mota a Hannun Yaro: So Ne Ko Cuta?

'Yar'uwa, akwai wata magana da take damun iyaye mata, musamman a gidajen da Allah Ya hore wa abin hawa. Yaro ya kai shekara 15 ko 16, ya iya tayar da mota, ya iya ribas, kullum yana bin ki da magiya: "Umma, don Allah ki sa baki Abba ya bar min makulli." Ke kuma zuciya ta uwa, sai ki ji kamar hana shi rashin tausayi ne. To, ba shi ne so, ko hana shi?

A Najeriya doka ba ta yarda a bai wa wanda bai cika shekara 18 ba lasin tuƙi. Ko ya cika, sai ya shiga makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, ya yi ta koyo da jan harafin L a jikin mota, sannan ma'aikatan VIO su gwada shi. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato 'yan Rod Sefti, da aka kafa a 1988, tana cikin masu kula da wannan tsari.

Wata za ta ce, "Ai ɗana ya fi direbanmu iya riƙe sitiyari, kuma shi zai riƙa kai ni kasuwa da asibiti." Gaskiya ne, hannu yana saurin koyo, a sati biyu yaro zai gane giya da birki. Amma likitoci sun nuna cewa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke auna haɗari ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da za ta yi kafin birki ya tsayar da ita ninkawa huɗu yake yi. Yaron da abokai ke zugawa ranar ɗaukar amarya ba ya wannan lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Abin da ya fi muni shi ne lasin bayan fage. A ƙara wa yaro shekaru, a ba wani kuɗi, takarda ta iso gida ba gwaji ba komai. Lasin shaida ce, tana gaya wa mai tallan da ke tsallaka titi da ɗan makarantar da ke gefen hanya cewa an gwada wannan direba, su kwantar da hankali. Wanda ya saye ta ya yi musu ƙarya, su kuwa ba a shawarce su ba. Kuma yaron ya ɗauki darasi tun daga gida, cewa kuɗi na buɗe ƙofar da cancanta ta rufe.

Saboda haka ki bar shi ya jira lokacinsa, mace ce ko namiji. Ki biya masa makaranta, ya je gwaji da ƙafarsa. In ya faɗi, ya sake, faɗuwa gaban mai gwaji ta fi faɗuwa a kwalta. Hausawa sun ce ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Fushinsa na kwana biyu ne, zai huce. Uwar da ɗanki ya buge wa yaro kuwa, har ta koma ga Allah ba za ta manta ba. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.