Abin Lura: Bangon Gabas, Kogin Kano da Darasin Labarin Ƙasa

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Kiru ko Bebeji ya san bangon da ya fi cin yaɓe. Na gabas ne. Da bazara ta kama, kafin ruwan farko, maigida zai zagaya bayan ɗaki ya dudduba inda daminar bara ta zaizaye, a kwaɓa ƙasa da ciyawa a sake yaɓewa, mai hali ya bi da makuba ko siminti, marar hali ya jingina zana. Bangon yamma kuwa sai ya yi shekaru ba wanda ya waiwaye shi. Ka tambayi dattijo dalili, zai ce maka ai hadari daga gabas yake tasowa. Ka tambayi jikansa da ke aji biyar a sakandare, zai buɗe littafin labarin ƙasa ya karanto maka cewa iskar da ke kawo wa Nijeriya ruwa daga kudu maso yamma take busowa, daga Tekun Atlantika. Yawanci yaron ba ya musu da kowa. Maganar littafi ya ajiye ta don jarrabawa, ta kakansa kuma don gida.

Alhali dukansu gaskiya suka faɗa. Iskar teku mai laima tana kutsowa ta ƙasa-ƙasa daga kudu maso yamma, tana ture busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa, ita ce ke kawo danshin da gajimare ke haɗuwa da shi. Amma can sama akwai wata iskar mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, kuma idan hadari ya haɗu ya yi tsiri, ita ke tunkuɗo shi. Shi ya sa ƙura ke fara turnuƙowa daga gabas, mata su hau kwashe shanya, sannan ruwa ya sauko a karkace ya yi ta dukan bango guda. Daga watan Oktoba iskar teku ta fara ja da baya, ta Sahara ta karɓi fili, sai hunturu, sai hazon da yawancinsa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa ya zo ya sauka a kan tabarmarka.

Littafin makaranta ya yanka darasin nan babi-babi: yanayi daban, koguna daban, ƙaura daban, birane daban. Don sauƙin koyarwa aka yi haka, ba laifi. Sai dai a kudancin Kano babin huɗun nan magana ɗaya ce, maganar ruwa: inda ya sauka, inda ya gangara, inda aka tare shi, da inda mutane suka bi shi.

Shiga mota a Kwanar Ɗangora ka nufi Tudun Wada, ka wuce ta cikin dajin Falgore zuwa Doguwa, ka kuma bar barci. Tun kafin a yi nisa za ka ga ƙasa ta fara sake kama. Gonakin gero na raguwa, masara da shinkafa da rake na ƙaruwa. Ƙaya da aduwar da mutumin Ɗambatta ko Kunci ya saba gani suna ɓacewa, ɗorawa da kaɗanya da maje suna yawaita, a cikin Falgore kuma ga doka nan jere. Dalili shi ne damina a nan ta fi saurin faɗuwa, ta fi jinkirin ɗaukewa. Kudancin Doguwa kan sami ruwan da ya haura milimita 1,000 a shekara, arewacin jihar kuwa ba ya kaiwa kusa da haka. Ƙasar ma hawa take yi. Duwatsun Riruwai su ne mafi tudu a Jihar Kano, gefen tsaunukan Filato ne, kuma tudu na tilasta wa iska mai laima ta hau sama ta huce ta zubar da abin da ta ɗauko.

A waɗannan tuddan akwai abin da ya kamata kowane ɗalibi ya tsaya ya yi mamakinsa. Ruwan da ya sauka a can ɓangaren Saminaka da Lere yana gangarawa Kogin Kaduna, daga nan Kogin Kwara, daga nan teku. Wanda ya sauka a wannan ɓangaren namu kuwa ba zai taɓa ganin teku ba. Zai shiga Kogin Kano ya nufi arewa, ya haɗu da Kogin Challawa a wajen Tamburawa, ya wuce Wudil da Ringim a matsayin Kogin Haɗejiya, ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe ta Gashuwa ya doshi Tafkin Chadi. Hadari guda ne, tazarar ba ta taka kara ta karya ba, amma makoma biyu. Na sha jin ɗalibai suna jero sunan Misisifi da Amazon da Nilu ba gargada, ka ce musu ina kogin bayan garinku ya nufa, sai a hau kallon-kallo.

Da can Kogin Kano na damina ne. Ya cika ya batse a Agusta, zuwa Janairu ya koma rairayi, mata na tonon ruwa da ƙoƙo a tsakiyarsa. Gwamnatin Audu Baƙo ce ta tare shi a Tiga, cikin ƙasar Bebeji, tsakanin 1971 da 1974, a daidai shekarun da fari ya gasa yankin Sahel. Ruwan ya kwanta a fili mai faɗin murabba'in kilomita 178, an kuma gina madatsar don ta riƙe kusan mita kubik biliyan 2. Daga nan aka ja babban kanal zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Kwandon tumatirin da kake gani jibge a Kwanar Gafan cikin watan Fabrairu, ana sanyi, sama ba ko gajimare, ruwan daminar Doguwa da Tudun Wada ne aka ajiye aka sake shi da rani. Haka ruwan famfon da ake tacewa a Tamburawa don mutanen birni, da rabonsa daga can.

Nan ne nake son mai karatu ya ɗan dakata, domin nan ne darasin ya daina zama na aji. Ruwa ba ya hawa tudu. Waɗanda hadarin ya sauka a ƙasarsu, da waɗanda aka tashi ƙauyukansu don tafki ya kwanta, suna sama da bakin kanal ne, saboda haka babban rabon noman rani ya gangara wa na ƙasa da su. Mutumin gefen tafki ya samu kamun kifi, karfasa da tarwaɗa, ya samu lambun da zai ja wa ruwa da inji da tiyo idan yana da kuɗin mai. Amma shi da na Kura ba ɗaya ba ne, wanda ruwa ke shigo masa gona da kansa da zarar an buɗe ƙofa. Can ƙasa kuma, mutanen Haɗejiya da Nguru da Gashuwa sun wayi gari ambaliyar shekara-shekara da suka dogara da ita wajen shinkafa da su da kiwo ta ragu, balle da aka ƙara da madatsar Challawa a Ƙaraye a 1992. Ruwan da ke tsiyaya rani da damina ya ba ciyawar kacala wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya nutse. Ba ina cewa gina Tiga kuskure ba ne. Duk wanda ya ci shinkafar Kura ba zai faɗi haka ba. Cewa nake yi kogi jiki ɗaya ne, wanda ya taɓa shi a Bebeji ya taɓa mutumin Yobe da bai taɓa jin sunan Bebeji ba. Madatsa kuma amana ce mai son kulawa: ta Bagauda, nan kusa, ta ɓalle a watan Agustan 1988 bayan mamakon ruwa, ta yi ɓarnar da manya ba su manta ba.

Haka buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi. Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan dajin Kogin Kano, shi ke riƙe ƙasar da kogin ke ratsawa. Itacen da aka sare a can, ƙasar gindinsa ce ruwa zai kwaso ya juye a cikin tafkin Tiga, a hankali a hankali laka ta cinye wurin ruwa. Mai gawayi ba mugu ba ne, abinci yake nema, matar da ke saye a birni ma tsadar gas da kananzir ce ta koro ta. Amma lissafin yana nan yana taruwa a ƙasan tafki.

Sai batun ƙaura. Je ka tashar mota a Tudun Wada ko Kiru bayan an gama kaka, an ɗaure dawa, an sa masara a buhu. Samari ne da 'yar jaka da bargo, wasu Kano, wasu Abuja, wasu Legas ko Fatakwal, za su yi dako, ko ga-ruwa, ko acaɓa, ko gadi. Uwa na cewa, "Allah ya tsare, ka riƙa kira," uba na cewa, "Kada dai ruwa ya faɗi ba ka nan." Wannan jumlar ta uban ta ƙunshi duk abin da littafi ke nufi da ƙaurar wani lokaci na shekara. Ci-rani ɗan damina ne: wata biyar ana aiki, sauran watannin gona ba ta da abin ba ka, sai ka nema a wani wuri. Lura kuma da ƙauyen da ke da fadama ko ruwan kanal, za ka ga samarinsa ba su cika fita ba, har ma baƙi ke zuwa musu ƙwadagon tsinkar tumatir da dashen shinkafa. Bafillace ma da ke kora shanu kudu da rani, ya dawo da damina, ruwa da ciyawa yake bi, ba yawo yake so ba.

Ba yau aka fara ba. Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar fatake daga Kano zuwa Zazzau, wani Bature mai suna Clapperton ma ta nan ya bi a 1826. A garin aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro. Ya yi Gwanja, ya zauna a ƙasar da yau ake kira Ghana, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ya tattara ya zauna a birni, inda ya rasu a 1955. Hanya ta sauya, mai neman arziki ya sauya da ita. Riruwai kuma ta ga ɗaya fuskar al'amarin. Kuza ta jawo mata leburori da 'yan kasuwa daga ƙabilu daban-daban tun zamanin mulkin mallaka, da harkar ta durƙushe, musamman bayan faɗuwar farashin kuza a duniya a 1985, da yawa suka watse, aka bar ramuka da tsofaffin gine-gine.

Yadda gari ke tsirowa ma ba sai an je Landan an gani ba. Tsaya a Kwanar Ɗangora ka ƙirga abin da mararraba ke haifarwa. Mota ta tsaya, mai shayi ya kafa tebur, mai tsire ya hura wuta, mai faci ya jingina tsohuwar taya, aka yi masallaci, aka yi gidan mai, sai masu gonar bakin titi suka fara yanka ta fuloti. Garin ya miƙe tare da kwalta, siriri, ba irin tsohon gari mai ganuwa da ke dunƙule kewaye da fada da kasuwa ba. Abin da ke faruwa ke nan a Kano da girma: ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum sama da miliyan 9, birnin kuma tun daga lokacin yake haɗiye gonakin da ke kewaye da shi, yana neman ƙarin ruwa daga kogin nan guda da manomi ke jira.

Na san halin da makarantunmu suke ciki. Aji cike, malamin labarin ƙasa ɗaya ko babu, taswirar bango ta yage tun tuni, ga darasin ma ba dole ba ne ga kowane ɗalibi. Amma abin da nake roƙo ba ya bukatar kwangila. Gwangwani mai miƙaƙƙen baki da rula sun isa a auna ruwan sama kowace safiya a rubuta a littafi. Makaranta ɗaya a Riruwai, ɗaya a Kiru, su yi musayar lissafinsu a ƙarshen damina, yara su ga bambancin da hannunsu. A ba kowane ɗalibi aikin ya tambayi gidaje goma a unguwarsu wa ya tafi ci-rani bana, ina ya tafi, yaushe zai dawo. A sa su zana rafin garinsu, su bi shi da tambaya har su gano inda ya faɗa.

Malamai da shugabannin makarantun Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, don Allah kada ɗalibi ya gama aji shida bai taɓa tsayawa a kan madatsar Tiga ba. Iyaye kuma, idan makaranta ta nemi kuɗin motar wannan tafiya, a daure a bayar.