Wanda Ya Guje Wa Hayaƙi, Wawa Ne?

Akwai duwatsu a duniya waɗanda wuta ke cikin cikinsu. Su kan yi shekaru aru-aru shiru, har mutane su gina gari a gindinsu, domin ƙasar wurin tana da albarka ƙwarai. Ran nan sai dutse ya ɗan yi tari, ya fesa toka kaɗan, ƙasa ta motsa. To, a nan ne magana ta ke: a tashi, ko a zauna?

A tekun da ke gabas da Amurka ta Tsakiya akwai wani tsibiri na Faransa, sunansa Martinik. Cikin watan Afrilu na 1902 dutsensa, Pele, ya fara hayaƙi, warin farar wuta ya cika birnin San Piyer. Hukuma ta ce ba kome, har Gwamna ya zo ya kwana cikin garin don hankalin jama'a ya kwanta. Ran 8 ga Mayu da safe wata iska mai ƙuna ta gangaro, ta hallaka mutum wajen 28,000, har da Gwamnan.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan wannan tsibiri shi ne Gwadalup. A watan Yuli na 1976 nasu dutsen, Sufriyar, ya fara fesa tururi da toka. Masana suka rabu biyu. Wani mashahuri cikinsu, Haroun Tazieff, ya ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ne kawai ya tafasa. Waɗansu suka ce narkakken dutse ne ke tasowa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ran 15 ga Agusta hukuma ta kwashe mutum fiye da 70,000. Suka bar gonakin ayaba da dabbobinsu, suka yi watanni suna kwana a makarantu da gidajen dangi. Dutse kuwa ya yi ta tururinsa, ya gaji ya bari, bai kashe kowa ba.

Da suka koma gida sai fushi ya tashi, aka ce an sa su hasarar banza. Fushin nan yana da dalili, gama wanda ya bar gonarsa wata huɗu ya san abin da ya rasa, kuma ba mai ilmin da ya yi kuskure ne zai ciyad da iyalinsa ba. Hakkinsa ne a biya shi, a kuma gaya masa gaskiya tun da fari, cewa masana ba su daidaita ba. Amma a ce wauta aka yi, wannan zalunci ne. Ranar da aka yanke shawara ba wanda ke iya leƙa cikin dutse. Mai shari'a da ya jira sai da ƙarshen abu ya bayyana, sa'an nan ya ce wane ya yi wauta, ya yi hukunci da shaidar da ba ta hannun kowa a lokacin.

A 1995 dutsen tsibirin Monsarat, arewa da Gwadalup, shi ma ya fara da tururi da 'yar toka. Aka kwashe mutanen babban birninsu, Filimot. Waɗansu manoma suka ƙi barin gonakinsu da ke inda aka hana shiga, ran 25 ga Yuni 1997 mutum 19 suka mutu. Filimot kuwa toka da laka sun binne shi, ba a sāke zama cikinsa ba.