Ko Jini Yakan Ba Da Shaida A Kan Mashayi?

Hanta tana kwance a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta a jikin babban mutum wajen kilo ɗaya da rabi ne. Kusan duk barasar da mutum ya sha, ita ce ke ɗawainiyar narkar da ita. Ba ta da yawan ƙorafi. Tana iya yin shekaru tana lalacewa mai ita bai ji ciwo ba, sai ran da shawara ta rina idanunsa, ko ciki ya cika da ruwa, ko aman jini ya zo. Don haka ne likita yakan ɗebi jini a auna. Idan ƙwayoyin hanta suka ji rauni, waɗansu sinadarai da ake kira ALT da AST sukan tsiyayo cikin jini. A wurin mai yawan sha, sau da dama AST takan ninka ALT sau biyu ko fiye. Akwai kuma GGT, wadda takan hau da yawan sha, ta sauko cikin 'yan makonni in an daina.

To, ga tambayar da ta shafe mu. A ikkilisiyoyi da dama akan sa mutum ƙarƙashin horo saboda shan giya. A ce ana raɗe-raɗi a kan wani ɗan'uwa, shi kuwa yana musu, sai aka ji ya je asibiti an auna jininsa. Daidai ne dattawan ikkilisiya su ce ya kawo takardar su gani?

A ganina ba daidai ba ne. Da fari dai, takardar ba ta san abin da ake so ta faɗa ba. GGT takan hau a jikin mai ƙiba, da mai ciwon sukari, da mai shan maganin farfaɗiya irin su fenobarbital. Ciwon hanta nau'in B kuma ya yi yawa ƙwarai a Afirka ta Yamma, yawancin masu shi sun ɗauka ne wajen haihuwa ko suna ƙanana. An sami rigakafinsa tun farkon shekarun 1980, amma manya da yawa a cikinmu an haife su kafin ya iso garuruwansu. Mace wadda ba ta taɓa ɗanɗana burkutu ba tana iya fitowa da sakamako mai ban tsoro. Mashayi kuwa yana iya fitowa da takarda tas, har ma wanda hantarsa ta riga ta ƙandare, wani lokaci ALT da AST ɗinsa ba sa nuna kome. Mashaidin da ke kama marar laifi ya saki mai laifi, wane alƙali ne zai jingina hukunci da shi?

Amma mu ɗauka awon ba ya kuskure ko kaɗan. Ko da haka ban yarda ba. Mutum ya miƙa hannunsa aka ɗebi jini domin neman lafiya, bisa amana tsakaninsa da likita. Ran da takarda ɗaya ta kai gaban dattawa, kowane mai sha a ɓoye ya koyi darasi: kada ka je awo, in kuwa ka je, kada ka faɗi gaskiya. Wannan ƙaryar kuwa tana kisa. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya daina farat ɗaya, cikin kwana 2 ko 3 yana iya kamuwa da makyarkyata, da jijjiga, da gushewar hankali. Likitan da aka gaya wa gaskiya yana da maganin da zai tare wannan. Wanda aka ɓoye masa sai ya yi ta lalube.

Wani zai ce, ashe sai a bar zunubi ya yi ta ruɓa a ɓoye? Ai ikkilisiya ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsauta wa 'ya'yanta ba a san ɗakin awo ba. Maye ba ya ɓuya ga matar da kuɗin cefane ya daina isowa hannunta, ko ga maƙwabcin da ke jin hayaniya da tsakar dare. A kan waɗannan dattijo yana da ikon ya tafi ya zauna da ɗan'uwa su biyu.

Kai kuma mai sha, kada takarda mai kyau ta ruɗe ka. Kitsen da giya ke tarawa a hanta yakan narke in an daina da wuri, amma tabon da ya riga ya kafu da wuya ya koma. Gaya wa likita kwalba nawa ko ƙwarya nawa kake sha, da shekara nawa ka yi kana sha, ka roƙa a duba maka nau'in B ɗin ma, ka kuma koma a ranar da ya sa maka a sāke awo.