Haƙƙin Ɗan Gari a Kan Mai Yawon Buɗe Ido

Hallstatt ƙaramin gari ne a ƙasar Ostiriya, maƙale tsakanin tafki da gindin tsaunukan Alps, mazaunansa ba su kai 800 ba. Kafin annobar korona kusan mutum miliyan ɗaya ke zuwa kallonsa a shekara, ranar cunkoso kuwa har dubu goma a yini guda. Manyan motoci su juye su da hantsi, su ɗauki hoto, su sayi ƙunshin gishiri da 'yar tsaraba, kafin la'asar sun kama hanya. Babu wanda ya yi sata a cikinsu, babu wanda ya doki wani. Duk da haka a watan Agustan 2023 mutanen garin suka fito suka tare hanyar shiga, suna neman a rage musu baƙi. Idan kowa halal ya aikata amma taron ya cutar, alhakin yana wuyan wa?

Masu tsanantawa za su ce a bar tafiyar gaba ɗaya, shagala ce da almubazzaranci. Ban yarda ba. Alƙur'ani ya sha kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi ƙarshen waɗanda suka gabace su, ya kuma ambaci duwatsu cikin abubuwan lura. Hallstatt na da abin lura da yawa. Kusan shekara 7,000 ke nan ana haƙar gishiri a dutsen da ke bisa garin, kuma a 1846 wani jami'in mahaƙar, Johann Georg Ramsauer, ya gano maƙabartar mutanen dā, ya tono kaburbura kusan dubu. A gefen cocin Katolika akwai ɗakin da aka jera ƙoƙunan kai kusan 1,200, da yawansu an rubuta sunan mamacin a goshi, an zana masa furanni ko ganye. Ƙarancin fili ne ya sa a da ake buɗe kabari bayan wasu shekaru don a samar wa wani wuri. Wanda ya tsaya a ɗakin nan da hankalinsa ba zai fito yadda ya shiga ba. Hutawa da saye da sayarwa kuma babu wanda ya haramta su.

Matsalar ita ce abin da ake kallon gidajen mutane ne. Tagar da baƙo ya saita wa kyamara, akwai mai barci a bayanta. Lungun da ya tsaya yana gyara tsayuwa, ta nan tsohuwa za ta bi zuwa shago. Shari'a ta hana shiga gida ba izini, ta hana leƙe, ta kuma ɗora wa mai zama a bakin hanya sharuɗɗa: ya kame idonsa, ya kame cutarwarsa. Waɗannan hukunce-hukunce ba su faɗi don mai gidan ba Musulmi ba ne, ba su faɗi don an tsallaka teku ba. Za a ce ai da kuɗin baƙin garin ke ci. Gaskiya ne, kuma shi ya sa mutanen ba su ce a daina zuwa ba. Amma kuɗin ya sayi ɗaki da abinci da kujerar jirgin ruwa ne, bai sayi barcin maƙwabcin otal ba, wanda ko sisi bai shiga aljihunsa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai cewa, "Ni kaɗai me na ƙara a cikin dubu goma?" Dukkan dubu goman haka suke faɗa, kuma da hujjar ta tsaya da an wayi gari da cuta ba mai cutarwa. Rabon kowa ya ƙanƙanta, amma bai ɓace ba. Inda mutum ɗaya ya kasa auna nasa rabon, hukuma ce ke aunawa, kuma malamai sun daɗe da yarda cewa shugaba na iya taƙaita abin da yake halal don maslahar jama'a. Misalin yana gabanmu. Tun 1988 ake raba kujerun hajji, kusan dubu ɗaya ga kowane Musulmi miliyan ɗaya, saboda Mina da wurin jifa ba su ɗaukar kowa lokaci guda. Maniyyaci yakan jira shekaru, ga kuɗinsa a hannu, ya haƙura. Idan an iya sa wa rukunin addini iyaka don kare rayuka, ba a rasa hujjar sa wa kallon tafki iyaka don kare mazauna garin ba.

Tuni Hallstatt ta ƙayyade yawan manyan motocin da ke shiga, mazauna kuma suna neman a ƙayyade yawan mutanen da kansu. Suna da gaskiya. Baƙon da aka ce wa ya dawo gobe ba a zalunce shi ba.