Motar Gida: Ta Maigida Ce Ko Ta Iyali?

Daga cikin shawarwarin da magidanci kan yanke a zaman gidansa, kaɗan ne suka kai sayen mota nauyi in ka ɗebe aure da ginin muhalli. Duk da haka sau da yawa ita ce shawarar da ake yankewa a majalisa, ko a ɗakin malamai, ko a inuwar dillali, matan gida kuwa ba su da labari sai sun ji ƙarar ham a ƙofa, yara sun ruga suna tsalle. Tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu ita ce: shin motar da ake kira ta gida, ta wace ce? Wa kuma ke da haƙƙin a ji ta bakinsa kafin a saye ta?

Bari mu fara waiwayawa baya kaɗan. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. A wancan zamani ma'aikacin da ya kai wani matsayi gwamnati kan ba shi bashin mota, ya fito da Fijo 504 sabuwa dal, ana cire kuɗin daga albashinsa sannu a hankali. Da aka shigo da tsarin SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta, aka koma wa kwancen Turai da ke shigowa ta Kwatano. Daga baya ma 'yar Kwatanon ta zama ta masu hali, saura suka koma wa wadda ta riga ta sha hannu biyu ko uku a nan gida. Sai kuma ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000.

To, mu yi ɗan lissafi irin na 'yan aji ɗaya. Daga Birnin Kudu zuwa Kano ya fi kilomita 100. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita goma za ta sha fiye da lita 20 zuwa da dawowa, wato sama da naira 20,000 a farashin ƙarshen 2024. A 2024 ɗin aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Ke nan ziyara ɗaya ta lashe fiye da rubu'in albashin ƙaramin ma'aikaci, ba a zo maganar baƙin mai da taya da bakanike da sabunta takardu ba. Shi ya sa masu mota kan ce sayenta ba shi ne wuya ba, riƙonta ne. Mota baki ce da aka ƙara a gida, kuma bakin da ba ya azumi.

A nan ne maganar haƙƙi ta shigo. Maigida zai ce, "Kuɗina ne, gumina ne, wa zai hana ni?" Gaskiya ne shi ya miƙa wa dillali kuɗin, amma ba shi kaɗai ya biya ba. In an sayar da buhunan gero da riɗi da aka tanada don damina, tukunya ce ta biya. In an ci bashin ƙungiyar gama-kai ana yankar albashi wata-wata, kuɗin cefane ne ya ragu, uwargida kuwa ita za ta san dabarar da miyar kwana ɗaya za ta kai biyu. In an ɗage kuɗin jarrabawar yaro zuwa baɗi, yaron ya sa nasa kason bai sani ba. Wani lokaci ma har adashin matar da tumakinta ake karɓa da sunan aro. Duk wanda aka rage wa loma don a sayi abu, ya zama abokin tarayya a cikinsa, ko da sunansa bai hau takarda ba. Abokin tarayya kuwa ba a gama ciniki sannan a ba shi labari.

Wani zai ce ai mata ba su san inji ba. Haka ne, galibi ba su san giya da kulochi ba, amma maigidan ma bakanike yake ɗauka ya duba masa. Abin da suka sani shi ne mudu nawa gidan ke ci a mako, yara nawa ne za a kai makaranta da safe, wace tsohuwa ce ba ta iya hawa babur. Wannan ilmi shi ya kamata ya zaɓi motar. Gidan da ke da mutum goma, Sharon ko Sienna mai kujeru bakwai ta fi masa amfani ko da fentinta ya koɗe. In aka bi son ido aka ɗauko ƙaramar mota mai ƙyalli, ranar biki sai a cusa yara shida a baya, wani a kan cinyar wani, a hau titi da su. Wannan ba tattali ba ne, wasa da amana ne. A gidan mai mata biyu kuma akwai wata magana da ba a faɗa a fili: wace ce za ta zauna a gaba? Kujera ɗaya ce tak, amma na san gidajen da ta hana barci. Magidancin da ya tsara wannan tun kafin mota ta iso, ya bi kwana ko ya bi girma da yardar kowa, ya sayi zaman lafiya da araha.

Ba kuma zan yi wa magidanta rashin adalci in ce duk son mota fariya ce ba. Wanda ya taɓa neman abin hawa da ƙarfe biyun dare a wani ƙauyen Gwaram, mace na naƙuda, asibitin tarayya na Birnin Kudu kuma da nisa, ya san mota rai ce. Haka wanda ya goya mahaifiyarsa a babur cikin hunturu. Son mutum ya suturta iyalinsa daga rana da ƙura da cunkoson motar haya ranar kasuwar Sara ba abin zargi ba ne. Abin dubawa shi ne mutum ya tambayi zuciyarsa: da babu mai ganina, wannan motar zan saya? In amsar ita ce a'a, to ba don iyali ake sayenta ba, don majalisa ne, ita kuwa majalisa ba ta zuba wa kowa mai.

Akwai kuma haƙƙi na uku da ba a cika lissafawa ba. A ƙasarmu mota ba ta zama ta gida ɗaya. Ranar da ka saye ta, ka zama motar asibitin unguwa, kai ne mai kai amarya, kai ne mai kai mutane gaisuwar mutuwa. Maƙwabci zai buga maka ƙofa da tsakar dare, ba kuwa za ka tambaye shi kuɗin mai ba. Wannan alheri ne babba, yana cikin abin da ya riƙe zumuncinmu. Sai dai alherin da za a yi da abincin yara ba ya daɗewa, ƙarshensa mai mota ya fara ɓuya, a ce ba ya nan alhali ga motarsa a ƙofa. Saboda haka mai niyyar saye ya sa kason maƙwabta a lissafinsa tun farko, ya kuma sanar da iyalinsa, domin su ne za a tasa daga barci.

Iyakar abin da nake cewa shi ne, mulkin mota na maigida ne, amma nauyinta na gida ne duka, shi ya sa shawararta ma ta gida ce. A zauna bayan sallar isha'i, a baje lissafi a fili: nawa ke shigowa, nawa za a rage, daga ina, har tsawon wane lokaci. In lissafi ya ɗauka, a saya, Allah Ya tsare hanya. In bai ɗauka ba, a gyara babur a ƙara haƙuri shekara guda, ba abin kunya ba ne. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin kunya shi ne motar da aka jingine a kan duwatsu a ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta, ana kuma ci gaba da yankar albashi a kanta.

Allah Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya kuma ba mu haƙurin jiran lokacinsa.