Wa Ya Cancanci Ƙarin Girma?

Ya ku 'yan makaranta, ga wata tambaya da muke so ku riƙa juyawa a zukatanku, gama daga cikinku manyan ma'aikatan gobe za su fito. In babban muƙami ya faɗi a aikin Gwamnati, wa ya kamata a ɗora?

Zamanin En'e, a ƙasashe irin su Isa da Sabon Birni, gado ke ba da rawani. Gado yana da amfaninsa, don mai gado yana jin kunyar ɓata sunan kakansa, amma ba kowane ɗan sarki ake haifa da hankalin mulki ba. A Ingila ma an daɗe ana ba da aiki bisa sanayya, sai a 1870 aka mai da jarrabawa ƙofar shiga yawancin ayyukan Gwamnati. A nan ƙasarmu, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ragama daga hannun En'e. A 2009 kuma gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta yanke wa manyan sakatarorin Tarayya wa'adin shekara 8, don na baya su sami hanya.

To, madalla da jarrabawa da wa'adi. Sai dai jarrabawa tana auna abin da ke cikin kai, ba ta iya auna amana.

Mu ɗauki ma'aikata biyu masu takarda iri ɗaya. An tura ɗaya Sabon Birni, can bakin iyakar Nijar, inda Gulbin Rima ke cika da damina, inda kuma 'yan fashin daji suka ƙona matafiya cikin mota a Disamban 2021. Ya zauna, ya yi aikinsa. Ɗayan ya yi kamun ƙafa aka bar shi Sakkwato, kullum safiya yana gaida manya. Ran da za a ƙara girma, wa za a tuna? Kowa ya san amsa. In haka ta ɗore, wane mai hankali zai yarda a kai shi Isa? Talakan Gobir ke nan ya rasa malamin kirki da likita.

Shehu Usmanu, wanda ya yi wa'azi a wannan ƙasa ta Gobir, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin aibobin da ya zarga a Kitabul Farƙi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya hana a ba da shugabanci ga mai kwaɗayinsa.

Don haka muna ganin kafin a ɗaga mutum, a tambaya ina ya yi aiki, me kuma ya bari a can, a ba shekarun ƙauye nauyinsu. Masu zaɓe kuwa su rubuta dalilinsu, yadda za a iya tuhumarsu in sun karkata.

Ku kuma, in an tura ku nesa, ku je. Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, amin.